Taƙaitawar shawarwari kan mayar da fayil na binari zuwa rubutu a Python

Ga abin da na tattaro daga wata muhawara kan hanyar da ta fi dacewa a mayar da fayil na binari (wato fayil irin hoto ko PDF, wanda ba rubutu zalla ba ne) zuwa rubutu a Python, harshen rubuta manhaja, ba tare da ambaton sunan kowa ba.

1. Kusan kowa ya amince cewa Base64, wato tsarin rubuta bayanan fayil da haruffa 64, ita ce hanyar da ta fi dacewa idan za a saka hoto ko PDF cikin JSON (tsarin rubutu da manhajoji ke musayar bayanai da shi) ko saƙon imel. Tana mayar da kowane bayit 3 (bayit shi ne ma'aunin bayanan kwamfuta) zuwa haruffa 4, don haka fayil yakan ƙaru da kusan kashi ɗaya bisa uku.

2. An jaddada a buɗe fayil da "rb", wato yanayin karanta shi a matsayin binari, kuma a tuna cewa b64encode, umarnin Python da ke mayar da bayanai zuwa Base64, bayit yake dawowa da shi, sai an ƙara decode don mayar da shi rubutu kafin ya shiga JSON.

3. Game da manyan fayiloli, an ba da shawarar karanta su gunduwa-gunduwa, amma girman kowace gunduwa ya rabu da 3 daidai, domin in ba haka ba alamar "=", wadda Base64 ke cike gurbi da ita a ƙarshe, za ta faɗo a tsakiyar rubutun, ta ɓata shi wajen warwarewa.

4. An saɓa kan madadin Base64. Wasu sun fifita heksadesimal, wato rubuta kowane bayit da alamomi biyu, saboda sauƙin karantawa, ko da yake yana ninka girman fayil, wasu kuma sun kawo Base85, wadda ke ƙara kashi ɗaya bisa huɗu kawai. A ganina ribarta ba ta kai wahalar samun manhajar da za ta warware ta a ɓangaren mai karɓar saƙon ba.

5. Idan rubutun zai shiga adireshin intanet, a yi amfani da urlsafe_b64encode, wato nau'in b64encode da ya dace da adireshi.

6. Base64 ba ta ɓoye sirri, kowa na iya warware ta nan take.