Mai sana'a ta WhatsApp: in zauna a Android ko in koma iPhone?

Maman Hanif:
Assalamu alaikum. Ina sayar da atamfa da leshi ta WhatsApp. Wayata Android ce mai RAM (ƙwaƙwalwar aikin waya) 2GB, yanzu ta yi nauyi, hoto ma sai na jira kafin ya buɗe. Ƙanena ya ce in sayi iPhone ta hannu. Layi biyu nake amfani da su. Don Allah a ba ni shawara.

Mai Gyara Farm Centre:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ba laifin Android ba ne, 2GB ɗin ce ta yi miki kaɗan. Nemi mai 6GB ko 8GB. Amma ki kula, iPhone ba ta da wurin saka memori, kuma iPhone 14 ta Amurka ba ta da ramin SIM kwata-kwata, sai eSIM, wato layin da ake sakawa a cikin waya ba tare da kati ba. Kafin ki biya kuɗi ki sa mai kayan ya cire iCloud ɗinsa (asusunsa na Apple da ke kan wayar) a gabanki, ki duba lafiyar batir.

Ummi Zinder:
Anti, ni dai iPhone nake riƙewa. Hoton kaya yana fitowa da kalarsa ta gaskiya, kuma Apple kan yi shekaru yana turo sabuntawa. Ƙananan wayoyin Android da yawa ba sa samun haka.

Mai Gyara Farm Centre:
Gaskiya ne, sai dai gyaranta da tsada. Gilashi kawai ya fashe za ki ji a jikinki.

Maman Hanif:
Na gode. To hirarrakin kwastomomina fa, za su biyo ni idan na sauya?

Ummi Zinder:
Za su biyo, da manhajar Move to iOS, amma lokacin da ake saita wayar tun farko.