Wai da gaske radish na sassauta ƙasar da ta danƙare?

MaiLambu: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. Ƙasar lambuna ta danƙare sosai, in an yi ruwa sai ya kwanta a sama ya ƙi shigewa, rannan na sa fartanya na tona ko taƙi ɗaya ban kai ba na ci karo da wani tauri kamar daɓe, jijiyoyin shukar duk sun lanƙwashe sun bi gefe. Abin na damuna wallahi. Na ji wai ana shuka radish, kayan lambun nan mai saiwa kamar karas, da kaka bayan an kwashe amfani, ba don a ci ba, a bar shi ya ruɓe a ciki. Akwai wanda ya taɓa gwadawa?

TsohonManomi: Wa alaikumus salam ɗana. Gaskiya ne, amma ba wannan ɗan ja mai kama da ƙwallo ba, dogon farin nan za ka nema da ake kira daikon. Tsawon ɓangarensa mai kauri kan kai santimita 30 ko fiye, sannan akwai siririyar saiwa a ƙasansa da ke nutsawa fiye da mita ɗaya, ita ce ma mai aikin don ita ke huda taurin nan da ka gani. In ya mutu ya ruɓe sai ya bar ramuka, ruwa da iska su samu hanya, tana ta shigo, saiwar abin da za ka shuka gaba ta bi ramin ta sauka abinta. Shekarar farko da na yi, na zura yatsa a ramin na ji ƙasar ta yi laushi tana marmashewa, daɗin da na ji ba a magana. Amma fa lokaci shi ne komai, ka shuka kamar sati 6 zuwa 8 kafin sanyi mai daskarewa ya sauka, in ka makara ganye kawai za ka samu. Kar ka binne irin da zurfi, santimita ɗaya ya isa, kuma kar ka cika shi, in ya cunkushe ba ya kauri.

UwarGida: Baba ya gama magana, sai dai ka shirya wa wari malam! In ya fara ruɓewa kamar ruɓaɓɓen ƙwai, farar wutar da ke jikinsa ce, gara ka sanar da maƙwabta tun wuri. Kuma kar ka sa kabeji a wurin bayansa, dangi ɗaya ne, cuta da ƙwarinsu ɗaya.

ƊalibinNoma: Ƙari kaɗan, radish ba ya ƙirƙirar naitirojin (sinadarin taki da shuka ke buƙata) kamar wake, ragowar takin da ruwa zai wanke yake tsotsowa ya riƙe, in ya ruɓe ya sake shi da wuri, don haka kar ka bar wurin fayau ya daɗe. Farfesa Ray Weil na Jami'ar Maryland a Amurka ya yi bincike sosai a kai. Sanyin da ke kashe radish ɗin sai ya kai wajen digiri 5 ƙasa da sifiri a ma'aunin Celsius dare da yawa, in wurinku ba ya kaiwa haka to da kanka za ka sare shi kafin ya yi iri, in ba haka ba ya zame maka ciyawa. Kuma ba ya son ƙasar da ruwa ke kwanciya kullum.

MaiLambu: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zancen ruwan nan ya ɗan tsorata ni, bari in fara da ɓangaren da ya fi tudu in gani. Baba, in na sare ganyen in bar shi a wurin ko in kwashe?

TsohonManomi: Bar shi nan ɗana, ya rufe maka ƙasar. Kar kuma ka bi da garma ka rushe ramukan.