Efe ne kaɗai wasan takobin da babu son rai a cikinsa?

Bashir: Ni maganata ɗaya ce. Cikin takubba ukun da ake wasa da su a Olamfik, wato efe da foyil da seba, efe ne kaɗai babu rufa-rufa. Ko a yatsan ƙafa ka soki mutum, fitilar na'urar da ke nuna an taɓa ta kama, maki naka ne. In kun soki juna tare, tsakani bai wuce kashi ɗaya cikin 25 na daƙiƙa ba, kowa ya samu ɗaya. Amma a foyil da seba fitilu biyu za su kama, sai alƙali ya ce makin na wane ne. To me na'urar take yi?

Malam Habibu: Bashir, na'ura tana faɗar an taɓa ne kawai, ba ta faɗar wa ya yi daidai. A foyil, wanda ya fara miƙe hannu yana nufo jikinka da tsinin takobi, shi ke da hari. Kai kuma dole ka kaɗe takobinsa ko ka kauce masa tukuna, sannan ka rama. In ka ƙi karewa ka soke shi shi ma ya soke ka, makin nasa ne. Ka tuna asalin abin koyon faɗa ne da takobi mai kaifi. Wanda ya ga tsini na zuwa ƙirjinsa ya ce shi ma bari ya soka, gawa biyu za a ɗauka. Wannan wautar ce dokar take hukuntawa.

Bashir: Allah ya gafarta Malam, a takarda haka ne. Amma a seba, da alƙali ya ce "ale", wato a fara, su biyun suke rugowa tsakiyar fili, sara biyu a tare. Wa ya fara? Kawo alƙalai uku, ka ji magana uku.

Zainab: Nan kam Yaya Bashir yana da gaskiya. Filin mita 14 ne, tsakanin layukan farawa mita 4 kacal, kuma a seba ana sara da gefen takobi daga ƙugu zuwa sama. Kafin ka ƙifta ido an gama. Shi ya sa aka kawo duba bidiyo, kuma in alƙali ya ga tare suka fara, ba ya ba kowa. Sai dai cewa efe ba ya da rigima, wannan ban yarda ba. A Landan 2012, wasan kusa da na ƙarshe na mata, Shin A-lam ta Koriya ta Kudu da Britta Heidemann ta Jamus, agogo ya tsaya a kan daƙiƙa ɗaya ta ƙarshe ana ta sake farawa har Heidemann ta ci. Shin ta zauna a fili tana kuka wajen awa guda. Efe ne fa.

Bashir: Wannan laifin agogo ne, ba na doka ba.

Malam Habibu: To Boris Onishchenko fa, a Montreal 1976? Ya ɓoye maɓalli a ƙotar efensa, yana kunna fitila ba tare da ya taɓa kowa ba, sai da 'yan Birtaniya suka yi ƙorafi asirinsa ya tonu. In aka bar wa wayar na'ura duk hukunci, mai wayo wayar zai bi.

Aminu: Ni abin da ke damuna da efe daban ne. Tunda makin tare yana ƙirguwa, wanda ke gaba da 14 da 12 ba ya ma bukatar karewa, ya jira kawai a soki juna ya cika 15 ɗin da ake cin wasa da su. Ga jan ƙafa, kowa na tsoron fara kai hari, har sai da hukumar wasan takobi ta duniya, FIE, ta sa dokar ba da kati in minti guda ya wuce babu maki.

Bashir: Ai dabara ce wannan. Wa ya hana ka kai 14 ɗin kafin shi?

Zainab: Dabara ce, amma ita ce ainihin abin da Malam ya kira gawa biyu.

Bashir: Na ji. Amma ku kawo wanda bai taɓa kallon wasan ba ku zaunar da shi gaban seba, in ya faɗi wanda ya ci maki biyar a jere kafin alƙali ya ɗaga hannu, na janye.

Aminu: Satar gida a ƙwallon ƙafa ma baƙo ba ya gane ta ranar farko, kuma ba a soke ta ba.