Idan sufetoci sun ce makaranta ta gaza, me ya kamata gwamnati ta yi?

Uwar Ɗalibai: Assalamu alaikum. A Ingila, hukumar Ofsted, wadda aka kafa a 1992, ita ce ke tura sufetoci su duba makarantu. Wata doka ta 2016 ta tanadi cewa makarantar ƙaramar hukuma da sufetoci suka saka a mataki mafi ƙasƙanci a karɓe ta a miƙa wa wata ƙungiyar gudanarwa, ta koma akademi, wato makarantar da gwamnati ke ba kuɗi amma ba ta ƙarƙashin ƙaramar hukuma. Tambayata, malamai, ita ce: sauya hannun da ke riƙe da makaranta yana gyara abin da ke faruwa a cikin aji kuwa?

Tsohon Hedimasta: Wa alaikumus salam, Hajiya. Abin da ya fi damuna shi ne watannin da ke biyo bayan rahoton. Da zarar labari ya fita, iyayen da suke da hali sai su janye 'ya'yansu, kuɗin makaranta ya ragu tun da gwargwadon yawan ɗalibai ake bayarwa, ƙwararren malamin lissafi kuma, wanda kowace makaranta ke nema, ya tattara ya bar wurin. Kafin sababbin shugabanni su zauna daram, an bar ajin ƙarshe a hannun malaman wucin gadi, yau wannan gobe wancan. Na fi gamsuwa da shirin da aka fara a Landan a 2003 ƙarƙashin jagorancin Tim Brighouse, inda aka haɗa makarantu masu rauni da waɗanda suka yi fice, gogaggun shugabanni suka riƙa shiga aji suna kallon darasi suna gyara wa malamai.

Malamar Kimiyya: Malam, ban ƙi taka ba, amma yaro shekara biyar kawai yake da ita kafin jarrabawar kammala sakandare. Idan shugabanni sun kasa hana cin zali, ko ba su san yaran da suka daina zuwa ba, jiran su gyara kansu zalunci ne ga ɗaliban da ba su da wata makarantar da za su koma. A irin wannan hali dole gwamnati ta sauya shugabanci, kuma da gaggawa.

Tsohon Hedimasta: Gaskiyarki, Malama, a inda shugabancin ne ya lalace. Sai dai hukuncin kalma ɗaya, wato matsayi guda da Ofsted ta riƙa ba makaranta gaba ɗayanta a kalma ɗaya, bai bambanta wannan da makarantar da koyarwarta ke da kyau amma ta yi sakaci a takardun kare lafiyar yara. Ruth Perry, shugabar wata firamare a Reading, ta kashe kanta a Janairun 2023 tana jiran fitowar irin wannan rahoto, binciken kotu kuma ya tabbatar da cewa ziyarar sufetocin ta taimaka wajen mutuwarta. A Satumbar 2024 gwamnati ta soke hukuncin kalma ɗaya. Ni dai ina son duk rahoto ya zo da sunan makarantar da za ta taimaka, da kuɗin riƙe malamai, da ranar da sufetoci za su dawo.