Neman shawara: Dubai ko Saudiyya, ina ya fi sauƙin kayan lefe?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni malamar makaranta ce a Gyallesu, kuma tun bayan rasuwar mahaifiyarmu ɗawainiyar autanmu ta dawo wuyana, ni na tsaya masa har ya gama karatu, yanzu an sa ranar aurensa, dangi kuwa duk sun zuba mini ido a kan lefe. Allah ya nufe ni da zuwa Umara a watan Janairu, kuma za mu yada zango a Dubai. Wata ƙawata ta turo mini hoton abaya da aka yi wa ragin rabin kuɗi ta koma dirhami 120, ga shi kuma ana ce mini Jidda ta fi araha. Na kasa barci saboda lissafi, don Allah a ba ni shawara.

Hajiya ta Tudun Wada: Wa alaikumus salam 'yata. Na shekara goma ina wannan fatauci, saboda haka ki saurare ni da kyau. Dala ɗaya riyal 3.75 ce, a Dubai kuma dirhami 3.67, ke nan kusan ƙarfinsu ɗaya, kada canji ya ruɗe ki. Bambancin yana wajen haraji, domin Saudiyya na ɗora kashi 15 cikin ɗari, Dubai kashi 5, kuma baƙo na iya karɓar mafi yawansa a filin jirgi idan shagon na cikin tsarin. Janairu lokacin bikin ragi ne a Dubai, amma ki bar manyan kantuna, ki shiga kasuwar Naif a Deira ki yi ciniki.

Maman 'yan biyu, Samaru: Ni dai na daina yarda da kalmar ragi. Na taɓa ba wata kuɗina ta sayo mini abaya, ta kawo mai matse ni a hammata, har yau ba ta biya ni ba, kuma muna haɗuwa a wajen biki tana gaishe ni kamar ba komai.

Anti ta Kongo: Atamfa da leshi da shadda ki saye su a Kantin Kwari, domin can ne gidansu. Turmi goma kaɗai zai cinye miki rabin akwati mai kilo 23, kuɗin awon ƙari kuma ya haɗiye ragin.

Hajiya ta Tudun Wada: Maganar atamfa gaskiya ce, amma abaya da mayafi da takalmi ba mai ja da ni, Dubai ce. Kin ma tabbatar za a ba ki bizar fita daga filin jirgin?

Mai tambaya: Hajiya, wakilin tafiyarmu ya ce zai duba. Anti, na san Kwari sarai, sai dai dangin amarya masu lura ne, kuma na riga na yi wa ƙanina alkawarin kayan waje, ba zan iya janyewa ba.

Anti ta Kongo: Har yanzu ba ki faɗa mana nawa kika tanada ba, ko akwati nawa ne lefen.

Mai tambaya: Kuɗin ba su gama haɗuwa ba tukuna, ina jiran kwasar adashi a ƙarshen wata. To idan bizar ba ta samu ba, wace kasuwa zan shiga a Jidda?