Katun a takarda zai iya koya wa yara ilimin intanet?

Hedimasta: Salamu alaikum malamai. Sabuwar manhajar karatu ta 2025 ta sa darasin ilimin kwamfuta da intanet daga aji 4 zuwa 6 na firamare. Mu ko wuta ba mu da ita. Ra'ayina mu koyar da labarin katun a takarda, ya wadatar.

Malamin Kwamfuta: Yallaɓai, da girmanka, ba a koyon iyo a tudu. Yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, hoto zai koya masa? Haka aka yi mana, muka haddace sunayen sassanta a allo, ranar da aka zaunar da mu gabanta muka rasa wajen kunnawa.

Malamar Aji 5: Malam, kai latse-latse kake tunani. Yaran nan sun riga mu. Rabin ajina su ke karanta wa iyayensu mata saƙon waya. Kwanaki wani ya kira maƙwabciyata, wai daga banki, za a rufe asusunta. Ɗanta mai shekara 10 ne ya karanto masa lambobin da suka shigo, ɗaya bayan ɗaya, har yana murna ya iya karatu. Kuɗin adashinta kaf suka tafi. Da ya taɓa ganin wannan kiran a zane, ga ɗan damfara yana zaƙin baki, ga yaro ya kashe waya, da ya gane shi.

Malamin Kwamfuta: Allah ya mayar mata da alheri. Amma Hajiya, wannan tarbiyya ce, ba kwamfuta ba.

Malamar Aji 5: Wa ya raba su? Ko Google da ya fito da Be Internet Awesome a 2017, shirinsa na koya wa yara kare kansu a intanet, kan damfara, lambar sirri da cin zali ya tsaya.

Malamin Kwamfuta: Wasansa kuma, Interland, a intanet ake yin sa. Kin gani?

Shugaban Iyayen Yara: Ni tambayata, da wane harshe? In da Turanci ne, hotunan kawai za su kalla, sannan mai ƙosai ta samu takardar naɗi.

Hedimasta: Da Hausa, Alhaji.

Malamin Kwamfuta: To na yarda da rabi. Amma a cire kalmar "ya wadatar". Zan riƙa kawo kwamfutata ranar Laraba, ko biyar-biyar ne su taɓa.

Hedimasta: Cajin fa?

Shugaban Iyayen Yara: Akwai sola a shagona. Wa zai yi zanen?