Abin da aka tsayar kan sabon masallacin Juma'a

A zaman dattawan unguwa da magina da malamai, maganar ruwa ce ta cinye lokaci, kuma ba mamaki, kowa ya san ƙarancinsa a Damagaram. Aka ce a haƙa rijiyar burtsatse, ruwan alwala kuwa a karkatar da shi gindin bishiyoyin haraba.

Magina suka nace a ɗaga rufi, a yawaita tagogi ta sama saboda zafin bazara, kada a dogara da fanka kaɗai. Fuskar ginin kuma a yi mata irin zanen tsofaffin gidajen Birni. Ni wannan ya fi mini doguwar hasumiya.

Mata sun nemi ƙofarsu da wurin alwalarsu daban. Sai ɗakin karatun yara, da kwamitin da zai riƙa bayyana lissafin kuɗi bayan sallar Juma'a.